Saniyar Attahiru Mai Batir

A Tambuwal in ka ce kana neman Alhaji Attahiru sai an tambaye ka wanne, don sun kai biyar. Amma ka ce Mai Batir, ko makaho zai kai ka ƙofar gidansa. Shi kuwa sunan bai taɓa ɓata masa rai ba, so ma yake yi. Da zarar baƙo ya tambayi dalili sai Alhaji ya ja wuyan rigarsa ya nuna masa wani ɗan tudu a saman ƙirjinsa na hagu, kamar an cusa kwalin ashana a ƙarƙashin fata. Daga nan sai ya miƙe hannun dama a iska, ya bar shi tsaye cak, yana kallon fuskar baƙon yana jiran a ce masha Allah. In ba a ce ba, shi zai faɗa.

Wannan fariya tana da tushe. Attahiru manomi ne mai shanu, kamar ubansa da kakansa, dogo, ga murya. A zamanin ƙarfinsa in ya tsaya a gona ya ƙwala wa shanu kira, matarsa Saudatu tana cikin gari takan ji, ta san ya kusa tasowa ta ɗora ruwan wanka. Yana da shekara hamsin da 'yan kai sai babban yatsansa na dama ya fara wani ɗan motsi shi kaɗai, kamar mai jan carbi. Wasa-wasa hannun duka ya ɗauka. Likita a Sakkwato ya ce ciwon karkarwa ne, wanda suke kira Fakinsin, ya ba shi ƙwayoyi. Da farko ƙwayoyin suka yi aiki, daga baya suka koma sai sun ga dama. Shekara shida ya yi a haka.

Ba ciwon ne ya fi cinsa ba, kalma biyu ce: Allah sarki. Ran wani suna a unguwarsu aka miƙo masa ludayin fura, kafin ya kai baki rabi ya ƙare a gaban rigarsa, rabi a ƙafar liman. Da dariya aka yi da ya fi masa. Sai wurin ya yi tsit, wani daga baya ya ce Allah sarki, murya ƙasa-ƙasa. Tun daga ranar Attahiru ya ɗauke ƙafa daga majalisa. Masallaci ma sahun baya yake tsayawa, hannu a aljihu har a ta da salla, ana sallamewa ya sulale.

A cikin wannan zaman ne aka haifi Marainiya. Uwarta farar gudali ce, ita kaɗai ta rage daga tsatson shanun da mahaifiyarsa, Hajja Batula, ta bar masa, kuma kwana uku da haihuwa ta kwanta ba ta tashi ba. Tunda ba shi da wurin zuwa, Attahiru ya tare a garken bayan gida ya zama uwa. Shi ke ba ta madara, da ta yi wayo ya koma ba ta dusa da kanwa a wani tsohon kwanon sha da fentinsa ya ɓare. Zoben azurfar da ke yatsansa ya yi ta dukan kwanon, rabin dusar na zuba ƙasa, ita ko a jikinta, ta sunkuya ta lashe. In ta gama ya ɗora mata hannu a wuya, ta lumshe ido ta tsaya har sai shi ya gaji. Ya taɓa gaya wa Saudatu cewa duk garin nan maraƙar nan kaɗai ce ba ta taɓa ce masa Allah sarki ba.

Kuskure ɗaya ya yi. Kowane gida da irin tsagar da yake yi wa kunnen dabbobinsa, shaida ke nan in sun ɓata. Hannunsa ba ya iya riƙe wuƙa a lokacin, kuma ya rantse ba wanda zai taɓa masa kunnen Marainiya in ba shi ba. Aka ce to, sai ya ji sauƙi. Da sauƙin ya zo ta riga ta girma, ya ce saniyar da kowa ya sani me za ta yi da shaida.

Sauƙin kuwa ta hannun ɗansa Mansur ya zo, wanda ke aiki a Abuja. Shi ya yi ta bin likitoci har aka kai mahaifin nasa ƙasar Indiya. Can aka huda ƙoƙon kansa wuri biyu, aka zura wasu wayoyi sirara har cikin ƙwaƙwalwa, aka biyo da su ta ƙarƙashin fatar wuya zuwa batirin nan na ƙirji. Batirin ke aika 'yar wuta kaɗan-kaɗan, dare da rana, tana kwantar da karkarwar. Likitan ya zaunar da shi ya yi masa bayani ta bakin tafinta, Mansur kuma ya ƙara masa da irin maganar da zai gane: ciwon nan ɗaure shi aka yi a turke, ba yanka shi aka yi ba, zai ci gaba da girma a inda yake ɗaure. Attahiru ya gyaɗa kai da kyau. Amma ka san kunnen ɗan Adam, abin da ya yi masa daɗi yake ɗauka ya bar wa mai magana sauran.

Ranar da ya dawo bai ko huta ba ya wuce teburin mai shayi na bakin titin Sakkwato, ya ce a cika masa kofi fal, har baki. Ya ɗauka da hannun dama kaɗai, ya tsallaka titi, ya gaisa da mai faci, ya dawo, ɗigo ɗaya bai zuba ba. Sannan ya dubi jama'a ya ce ya warke. Wannan labari na shayi, wallahi duk wanda ya zauna da shi sau biyu ya ji shi sau uku.

Shekarun farko kam sai hamdala. Ya koma majalisa, ya koma sahun gaba, ya yi ƙiba har sai da tela ya buɗa masa riguna. Duk ranar Juma'a da safe Saudatu takan zaunar da shi a tabarma ta ɗaura masa faifan caji a ƙirji, tana tankaɗe tana tsokanarsa, wai duk Tambuwal ita kaɗai ke cajin miji, kuma ko na goro ba a ba ta. Garke kuwa ya rage zuwa, sai jefi-jefi. In ya je ya ɗora wa Marainiya hannu a wuya, hannu lafiyayye, tsayayye, sai ta ɗan dakata kamar mai jiran wani abu, can ta juya ta ci gaba da cin harawarta. Abin ya ɗan sosa masa rai, amma ya ce girma ne ya zo mata.

To, abin da ke ɗaure a turke bai daina girma ba. Wajen shekara ta biyar ƙafafunsa suka fara yi masa gardama. In ya zo ƙofar zaure sai su manne da ƙasa, ya tsaya yana laluben aljihu kamar ya manta wani abu, har su sake shi. Ƙwayoyin da aka rage masa suka dawo, har da 'yan rakiya. Sai kuma murya. Ita ba rana ɗaya ta tafi ba, zurarewa ta yi ta yi a hankali kamar ruwa a randa mai tsaga, harshe kuma ya yi nauyi. Mutumin da ake ji daga gona ya koma in ya yi magana sai an ce na'am sau biyu, a na uku a yi dariya a gyaɗa kai ko ba a ji ba. Da aka yi masa maganar sai ya ce dattako ne, babba ba ya ɗaga murya. Hannu dai yana nan cak, kuma shi hannu ake gani.

Likitan da ke duba shi a Sakkwato sau biyu a shekara bai ɓoye masa ba. Ya ce rabi ciwon ne ke tafiyarsa, rabi kuma wutar ce, don wutar da ke danne hannu takan danne harshen wasu mutane in an daɗe. Ya yi waya da na Indiya, suka saita masa lamba biyu a ɗan rimot ɗin da ake kara masa a ƙirji. Lamba ta ɗaya ita ce wadda ya saba. Lamba ta biyu tana rage wutar, harshe ya ɗan saku, amma hannu ya koma gidan jiya. Sau ɗaya Attahiru ya gwada ta, a ɗaka, ƙofa a rufe. Minti goma bai cika ba ya ce a mayar da shi, kuma kada ya ƙara jin zancen lamba ta biyu a gidan. Saudatu ta jefa rimot a jakarta, don ta san mijinta, ta kuma san rana na zuwa.

Ranar ta zo da daminar bana, shekara tara da yin aikin. Duk damina Abdulganiyyu, ɗan ƙanen baban Attahiru, yakan kora shanun gidan zuwa dajin Kebbe don kada su shiga gonakin mutane. Wata la'asar aka yi hadari da tsawa, shanu suka watse. Aka tattaro kowa ban da Marainiya. Ga ta da tsohon ciki, ga shi duk haihuwarta biyar maza ta yi ta zubawa, wannan ne ake sa ran ko Allah zai kawo mace, tsatson Hajja Batula ya ɗore. Attahiru ya yi kwana ashirin tuwo ba ya yi masa daɗi.

Sai ga waya daga Abdulganiyyu: an ga saniya, amma a garken wani Ɗangiwa, mutumin Kebbe, kuma ya ce tasa ce. A nan dole a yi wa Ɗangiwa adalci, ba ɓarawo ba ne. Bara ya ɓatar da farar gudali mai lafiyayyen kunne, ya neme ta har ya haƙura, sai kawai aka wayi gari ga farar gudali mai lafiyayyen kunne a cikin shanunsa. In kai ne me za ka ce? Har sadaka ya yi. Abdulganiyyu ya kawo shaidu, Ɗangiwa ya kawo nasa, kowa na neman ya dafa Alƙur'ani. Aka kai maganar gaban Malam Ubaidullahi, wani tsoho da ake kai wa rikicin dabbobi a kara, wato kasuwar shanu. Tsohon ya ce ba za a yi rantsuwa a kan dabbar da ke da kunne da ƙafafu ba. Ran kasuwa a sake ta a tsakiyar fili, masu ita su tsaya nesa, kowa ya kira sau uku. Wanda ta je wa, tasa ce. In ba ta je wa kowa ba, ta zauna a hannun da take. Abdulganiyyu ya so ya kira a madadin yayansa, tsohon ya ce a'a, mai abu shi ke kiran abinsa.

Attahiru ya ji sharaɗin ya ce ai wannan mai sauƙi ne. Ya fita tsakar gida don gwaji, ya gyara tsayuwa, ya cika ƙirji, ya kira sunan. Akwai wata kaza tana tono taku huɗu daga ƙafarsa. Ko kai ba ta ɗaga ba.

Saudatu na bakin murhu tana kallo. Ta bari ya gwada na biyu, sannan ta ce, "Alhaji, in dai nagge kaka so, a maishe ka lamba ta biyu."

Sai da ta matso kusa ta ji amsarsa. "Gaban mutanen Kebbe? Shekara tara nika faɗin na warke, yanzu in shiga cikin kara in yi musu rawa? Ba ni yi."

Ta ce to, Allah ya ba da sa'a, amma da ita za a tafi, tana da wata 'yar uwa a Kebbe da ta daɗe ba ta gani ba. Wannan 'yar uwa dai tun aurensu bai taɓa jin labarinta ba, amma bai ja ba. Shi ma ya yi nasa shirin. Ya tono tsohon kwanon nan daga ƙarƙashin rumbu, ya wanke, ya zuba kanwa, yana ganin in murya ta gaza kwaɗayi zai yi aiki.

Suka ɗauki shatar akori-kura da sassafe, don in an yi nasara a dawo da saniya. Hanyar Kebbe da damina ba sai an faɗa ba. Mota na faɗawa rami tana fita, direba na rawa, Saudatu na rawa, kwano na tsalle a cinya. Ta ce ai ga maganin kunya nan, a wannan hanya kowa mai Fakinsin ne. Direba ya yi dariya har ya kusa taka tunkiya. Attahiru bai yi ba.

Labari ya riga su isa. Har masu awaki sun bar awakinsu sun zo kallo, jama'a ta yi da'ira a filin da ke bayan kara. Saudatu ta samu wuri a gindin wata bishiyar bedi cikin mata masu tallan nono, jaka a cinya. Malam Ubaidullahi na zaune a kan buzu, ɗan tsamurmurin tsoho da sanda a gefe. Aka jawo saniyar tsakiya aka kwance igiya. Attahiru na ganinta ya shaida ta. Ita ce, har da 'yar karkatar tozon nan nata. Ta rame kaɗan, cikin ya sauko. Ita kuwa ba ta dubi kowa ba, ta sa kai a ciyawa.

Ɗangiwa aka fara ba wa. Ba banza ake kiransa haka ba, ƙato ne, ga murya kamar ganga. Ya ƙwala sunan da yake kiran tasa da shi, Fure. Saniya ta kaɗa kunne. Ya sake, ta kaɗa wutsiya. A na uku ya ɗaga ƙwaryar dusa yana girgizawa, sai ta ɗago ta yi taku biyu wajensa. Mutanen Kebbe suka fara kabbara. Sai ta tsaya, ta yi fitsarinta mai tsawo a natse, ta koma kiwo. Aka yi dariya, amma Ɗangiwa bai damu ba. Taku biyu ya fi babu, kuma ko ba komai a hannunsa take.

Attahiru ya fito ya tsaya inda aka ja masa layi, taku wajen arba'in daga saniyar, kwano a hannun dama. Ya cika ƙirji ya kira. Wani da ke tsaye dab da shi ya juya ya tambayi na kusa ko an fara. Ya sake tattaro duk abin da ke jikinsa, jijiyoyin wuya suka tashi, sunan ya fito a dunƙule, rabinsa iska, wani bunsuru kuma ya zaɓi wannan lokacin ya yi kuka ya binne sauran. Malam Ubaidullahi ya ɗaga yatsu biyu. Saura ɗaya.

Attahiru ya dubi hannunsa. Yana nan cak, gwanin kyau, ko ƙwayar kanwa ɗaya ba ta motsa a kwanon ba. Shekara tara yana nuna hannun nan ga duk wanda ya tsaya, yau ga taron da bai taɓa samun irinsa ba, kuma hannun ba abin da zai tsinana masa. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, ga kunya tun kafin a yi komai. Ya tuna ludayin fura da ƙafar liman. Ya san in ya yi abin da yake shirin yi, kafin motarsu ta kai Tambuwal labari ya kai. Sai kuma ya dubi cikin nan da ya sauko, ya tuna Hajja Batula a tsugune tana tatsar kakar wannan saniya. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Ya yi niyyar takawa wajen bedi, ƙafafu suka ce ba su san zancen ba, suka manne. Yau ba halin laluben aljihu, kwano na hannu. Dole ya ɗaga hagu ya yafito matarsa a gaban kowa.

Saudatu ta tashi ta gyara mayafi, ta ratsa tsakiyar maza ba sauri ba nawa, ana buɗa mata hanya. Tun kafin ta iso rimot na hannunta. Ba ta ce ai na gaya maka ba, kuma wannan a wurin Saudatu ba ƙaramar sadaka ba ce. Ta kara masa a ƙirji ta danna.

Nan fa Ɗangiwa ya yi tsalle ya ce bai yarda ba, asiri ne, an zo masa da laya mai lantarki. Mutanensa suka ɗauka, hayaniya ta kaure, kowa na faɗin tasa. Sai da Malam Ubaidullahi ya buga sanda a ƙasa sau uku aka saurara. Ya taso da kansa, a hankali, ya zo har gaban Attahiru ya tambayi ko mene ne wannan abin. Kafin nan 'yan mintoci sun wuce, Attahiru ya ji harshensa ya ɗan saku. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa ba kiran saniya ba ne.

"Allah shi gafarta Malam, babu asiri ko ɗaya, aikin likita na. Ciwon karkarwa gare ni. Na ce ma mutane na warke." Ya dubi taron. "Ban warke ba. Ku dakata kaɗan, ku gani da idonku."

Na kusa suka ji, suka gaya wa na nesa. Kowa ya zuba wa hannun ido. Babban yatsa ne ya fara, yadda ya fara shekara goma sha biyar da suka wuce. Sai wuyan hannu ya karɓa, sai hannun duka. Kanwa ta fara tsalle a kwano, zoben azurfa ya shiga dukan ƙarfe, kaf-kaf-kaf-kaf, ba tsayawa. Daga bayan taro wani ya ce Allah sarki, murya ƙasa-ƙasa. Attahiru ya ji sarai. Ya rufe ido, ya ja numfashi don kira na uku.

Saudatu ce ta taɓa masa hannun riga. Ya buɗe ido. Can tsakiyar fili saniyar ta riga ta ɗago kai, ciyawa na rataye a bakinta ba ta tauna ba, kunnuwa biyu sun juyo wajen kwanon.

"Marainiya," in ji shi. "'Yar Hajja. Taho."

Gaskiya ɗaya ce, ba muryar da ba ce. Ta fi ta ɗazu, an ji kalmomin, amma a dishe take, da ƙyar in ta kai rabin filin. Waccan muryar ta gona ta tafi, ba lambar da za ta dawo da ita, kuma shi ma a nan ya yarda da haka. Sai dai saniyar ba ta tsaya auna murya ba. Ta taho da tafiya, tafiyar ta koma sassarfa, ciki na lilo, mutane na darewa. Ko kallon kanwar ba ta yi ba. Ta sa goshi ta ture kwanon ya faɗi, ta cusa wuyanta a ƙarƙashin hannun da ke karkarwa, daidai inda take sa shi tun tana maraƙa. Yatsun suka shiga kaɗawa a kan fatar wuyan, suna sosa ta ba da niyyar mai su ba. Ta saki wani dogon numfashi, ta lumshe ido.

Sai a sannan Attahiru ya gane abin da take tsayawa jira duk shekarun nan in ya ɗora mata lafiyayyen hannu. Ashe ba girma ne ya zo mata ba. Hawaye suka zubo masa, bai kuma samu damar sharewa ba, don hannu ɗaya na aiki, ɗayan na riƙe da tozonta kada ya faɗi.

Ɗangiwa ya daɗe yana kallo, ƙwaryar dusa a hannu. Sannan ya tako ya ajiye ta a gaban saniyar. "Alhaji, wagga nagge taka ta. Allah shi sauke ta lafiya." Ya juya zai tafi, ya waiwayo ya ƙara da cewa in ta haifi mace a aiko masa da labari, tunda dai ta ci dusarsa kwana ashirin. Malam Ubaidullahi ya ce shi bai ga abin da ya rage ya yanke ba, aka shafa fatiha, ya koma buzunsa. Taro ya fara watsewa, wasu na waiwaye, wasu tuni sun zaro waya, kuma Attahiru ya san Tambuwal ake kira.

Direba ya matso da mota baya-baya, Abdulganiyyu ya kawo igiya. Saudatu ta ɗago rimot, ta dubi mutanen da suka rage suna kallon hannun mijinta, ta rage murya.

"In maishe ka ta ɗaya, Alhaji?"

Ya dubi saniyar. Ido a rufe, wuya a miƙe, ta jingina da shi da duk nauyinta.

"Bari tukuna," in ji shi. "Bari ta gama."